Inji da Hanji

Baba Mato da kunne ya koya mini aiki.
Moto na tahowa daga hanyar Mirriya,
tun mai shi bai sauke ƙafa ba
zai ce, "Laminu, miƙo sifana,
tarin nan da yake yi na buji."

Shekara ashirin da biyu ina gindin dogon yaronsa,
bayan Kasuwar Dole, inda ƙasa ta koma baƙa.
Yakan tsoma yatsa a tsohon mai,
ya murza, ya ɗaga wa rana.
In ya ga ƙyallin garin ƙarfe sai ya girgiza kai:
"Cikin nan na cin kansa.
Mutum na ƙarya, mai ba ya yi."
Ƴan kabu-kabu sun sha zaginsa,
masu tsimin jaka biyu, su ƙi bidanji.

Nasa man kuwa?
Damina biyu yana ganin jini a bayan gida,
ya ce basir ne, ciwon kowa,
ya sayi saiwa a kwalba yana kurɓa.
Ni na ga ya huda bel ɗinsa da ƙusa
sau uku,
na ga tuwo na komawa gida rabi.
Na gani, na kau da kai,
abin da cikinsa ke faɗa ban so in ji.

Ranar da muka ɗauke shi sai babban asibiti,
likita ya daɗe yana juya takarda.
Ya ce ya gama da hanji, ya haura hanta.
Ya ce, "Da bara waccan kuka zo."
Bai ƙarasa ba.
A bakin ƙofa aka gaya mini sunan abin: daji.

Bai ga azumi ba.
Ya bar mini akwatin ƙarafa, da bashin mutum shida,
da inuwar garaji.

Bana na cika hamsin, ko kaina ba ya ciwo.
Habsu mai aikin jinya ta kawo ɗan motonta,
kamar yadda na saba mata, duk ƙarshen wata.
Ta ce, "Kai kuma yaushe za a duba naka?"
Na ce lafiyata ƙalau.
Ta ce, "Shi ma lafiyarsa ƙalau,
me ya sa kake kwance shi?"
Na rasa ta cewa.
Ta ajiye mini ƴar kwalba kan benci, ta gwaji.

Kunya!
Gemu da furfura, ga abin da na ƙunsa a baƙar leda,
na ratsa Zango da shi a aljihu
ina amsa gaisuwar mutane.
Kwana uku suka ce akwai jini,
irin wanda ido ba ya kamawa.
Sai wuni guda babu tuwo, ga maganin wankin ciki,
ni da buta har asuba,
a garin da ruwa ke da farashi.
Mai garuwa ya ci ribata ranar nan.
Da safe suka shigo da tiyo mai fitila a ka,
siriri, baƙi, kamar maciji.

Tsiro suka samu, bai fi ƙwayar wake ba.
Nan take suka cire shi.
Likita ya ce irinsa ne ke girma a ɓoye,
shekara da shekaru, ba ƙara, ba hayaƙi.
Na tuna ƙusar nan da bel,
na juya fuska bango.
Baba Mato, wake ɗaya,
da an leƙa ka da wuri da ka sami agaji.

Jiya wani dattijo ya turo nasa daga Birni.
Ina tsiyaye mai, idona na kan ƙugunsa.
Na ce, "Shekarunka nawa, Alhaji?"
Ya yi dariya, ya ce yaushe makanike ya zama likita.
Na gaya masa duka, har da buta.
Ya biya, ya buga, inji ya tashi lafiya.
Har ya sha kwana ina tsaye da tsumma a hannu.
Ko ya ji?